Wa Ya Yi Wa Wani Rashin Ladabi? Tarihin Wata Kalmar Turanci a Ƙasar Sin

A cikin dubban kalmomin da ɗaliban ƙasar Sin ke haddacewa idan suna shirin jarrabawar tafiya karatu Amurka, akwai wata 'yar gajeriya da ba ta cika jan hankali ba: *brusque*. Tana can wajen ƙarshen babin harafin B, an jera mata fassara biyu ko uku da Sinanci a gabanta. Ɗalibi ya maimaita ta sau goma, ya yi mata alama da biro, ya wuce ta gaba. A ganinsa ya gama da ita. Sai bayan shekaru, yana aiki a wani ofis a Landan ko Toronto, shugabansa ya ja shi gefe ya ce abokan aiki suna kuka da saƙonninsa, ya kuma yi amfani da wannan kalmar. A ranar ne zai gane cewa fassara kawai ya haddace. Ita kalmar hukunci ce, ga shi yau a kansa aka yanke.

Me Bature ke nufi da ita? Mutum ne da za ka tambaye shi abu ya amsa maka a daƙile, babu gaisuwa, babu sakin fuska, kamar ka tare masa hanya yana sauri. Bai zage ka ba, bai ɗaga murya ba, amma ka bar wurin da ɗan ɗaci a maƙogwaro. Mu ma sai mun haɗa kalmomi kafin mu kama ma'anar: kaushin harshe, gajen haƙuri, rashin tauna magana. Wahalar da Basine ke sha da wannan kalma ta girmi littafin haddarsa nesa ba kusa ba. Shekara sama da 200 ke nan Ingilishi da Sinanci suna jayayya a kan wanda ya yi wa wani rashin ladabi, kuma jayayyar ta ci rayuka, ta shiga cikin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa.

Ruwan inabi mai tsami da nama ɗanye

Ita kanta kalmar baƙuwa ce a Ingila. Turawan Ingila sun aro ta daga Faransanci a ƙarni na 17, su kuma Faransawa daga Italiyanci, inda *brusco* ke nufin abu mai tsami da kaushi a baki, irin ruwan inabin da bai yi laushi ba. Tana da 'yan'uwa da yawa, kowace da inda ta sa gaba. *Curt* daga Latin take, ma'anarta yankakke, wato amsar da aka datse mata jela. *Abrupt* ita ma daga Latin, abin da aka karya farat ɗaya. *Blunt* wuƙa ce dakusassa, ana faɗa wa mai faɗin gaskiya komai ɗacinta, har wani lokaci da ɗan yabo a ciki. *Gruff* kuwa ta fi karkata ga murya, irin ta dattijon da ke gurnani alhali cikinsa fari ne.

Sinanci ma yana da nasa jerin, sai dai ba a wuri ɗaya aka ja layukan ba. Ƙamusoshin yau sukan ba da *tangtu*, ko *shengying*, ko *culu*. *Tangtu* na mutumin da ya afko cikin abu ne ba sallama, ya yi tambayar da ba a kai gare ta ba tukuna. *Shengying* haɗin kalma biyu ce, ɗanye da tauri, kamar abincin da aka sauke bai nuna ba. *Culu* rashin wayewa ne, halin wanda ba a goge ba. Akwai kuma *wuli*, rashin *li*, kuma *li* ita ce ginshiƙin koyarwar Confucius: sanin matsayin kowa da ba shi haƙƙinsa, daga sarki har ƙanin gida.

Ɗalibin da ya ɗora *culu* a kan *brusque* zai ɗauka cewa tunda bai yi ashar ba, bai buga tebur ba, kalmar ba ta shafe shi ba. Wanda ya ɗora *tangtu* zai ɗauka tunda an gayyace shi ya yi magana, ya tsira. Dukansu sun yi daidai a ma'aunin harshensu. Abin da ƙamus bai faɗa musu ba shi ne inda Bature ke ajiye ladabinsa, da kuma cewa a wani wurin daban Basine ke ajiye nasa.

Turancin bakin kogi

A 1757 Sarki Qianlong ya taƙaita cinikin Turawan da ke zuwa ta teku ga tashar Kanton kaɗai, garin da a yau ake kira Guangzhou. Aka ware musu wani ɗan fili a bakin kogi, wajen ganuwa, inda gidajen cinikinsu goma sha uku suke. Ba su da ikon yin magana da hukuma kai tsaye, sai ta hannun wasu manyan attajirai da gwamnati ta ba lasisi. Koya wa baƙo Sinanci kuwa babban laifi ne. A 1759 wani ma'aikacin Kamfanin Gabashin Indiya mai suna James Flint, wanda ya iya harshen, ya bi teku har Tianjin da takardar koke a kan jami'an kwastan na Kanton. An binciki koken, amma shi Flint an tsare shi shekara uku kusa da Makau, sannan aka kore shi. Basinen da aka samu da laifin taimaka masa wajen rubutun, Liu Yabian, kashe shi aka yi.

Da aka rufe ƙofar Sinanci, sai Turanci ya zama dole a kan dillalai, masu dafa abinci, matuƙa kwalekwale da tafintoci. Babu makaranta, babu malami. Abin da ya fito shi ne wani Turancin kasuwa da ake kira *pidgin*, sunan da masana da yawa ke ganin daga yadda mutanen Kanton ke furta kalmar *business* ya samo asali. An riƙa sayar da 'yan ƙananan littattafai masu ɗauke da kalmomi 'yan ɗaruruwa, an rubuta lafazin kowace da haruffan Sinanci. Ɗaya daga cikinsu sunansa ma yana nufin harshen da jajayen gashi ke amfani da shi, don da wannan laƙabi aka san Turawan.

Wannan harshe ya yi aikinsa: da shi aka sayi ganyen shayi da siliki da tangaran na miliyoyin kuɗi tsawon fiye da ƙarni guda. Amma an gina shi ne don farashi, awo da umarni. Daga cikinsa Ingilishi ya gaji *chop-chop*, wato yi sauri, da *no can do*, wato ba zai yiwu ba. Duk wani zagaye-zagayen da Bature ke yi idan yana roƙo an zubar da shi. Haka nan duk girmamawar Sinanci an bar ta a gida: yadda mutum zai tambayi sunanka ya kira shi suna mai daraja, ya faɗi nasa ya kira shi ƙasƙantacce. Attajirin da ya san waƙoƙin magabata, wanda a gidansa ba ya zama sai baƙo ya zauna, idan ya buɗe baki a bakin kogi sai ya fito kamar yaro mai tsiwa. Baturen ma haka yake fitowa a kunnen attajirin. Kowannensu ya koma gida da labarin cewa ɗayan bai san ladabi ba.

Wasiƙar da aka ƙi karɓa

A sama kuwa, tsakanin sarakuna, rigimar ladabi ta fi haka zafi. A watan Satumba na 1793 jakadan Ingila, Lord Macartney, ya gana da Qianlong a Chengde. Al'adar fadar ita ce baƙo ya durƙusa sau uku, ya kai goshi ƙasa sau tara. Macartney ya ce shi gwiwa ɗaya zai sa a ƙasa, kamar yadda yake yi wa nasa sarkin. Abin mamaki, tafintan da ya tsaya tsakaninsu, Li Zibiao, bai iya Turanci ba. Limamin Katolika ne da ya yi karatu a Napoli ta ƙasar Italiya, don haka da Latin da Italiyanci yake magana da jakadan, sannan ya juya zuwa Sinanci. Masaniyar tarihi Henrietta Harrison, a littafinta na 2021 a kan waɗannan tafintoci, ta nuna irin tsaka mai wuyar da yake ciki: dole ya zaɓi kalmomin da kowane ɓangare zai iya haɗiya, domin kalma ɗaya mai kaushi tana iya cin wuyansa. Da ƙoƙarinsa aka rabu ba faɗa, ko da yake sarki bai biya wa Ingila buƙata ko ɗaya ba.

A 1807 Robert Morrison, ɗan mishan daga Birtaniya, ya sauka Kanton ya fara koyon harshen a ɓoye. Tsakanin 1815 da 1823 aka buga ƙamus ɗinsa a Makau, mujalladi shida, da kuɗin Kamfanin Gabashin Indiya. Shi ne babban ƙamus na farko tsakanin harsunan biyu. Daga nan Turawa suka fara karanta takardun hukuma da idonsu, abin da suka gani kuwa bai yi musu daɗi ba.

Wata kalma ce ta tsaya musu a rai: *yi*. Da ita jami'an Sin ke kiran baƙi a rubuce. Tafintocin farko sukan fassara ta da baƙo ko ɗan ƙasar waje. A 1832, yayin wata tafiyar leƙen tashoshin gaɓar teku, Hugh Hamilton Lindsay da tafintansa Karl Gützlaff suka kafe wa wani jami'i a Shanghai cewa kalmar zagi ce, tana nufin *barbarian*, wato ɗan daji marar wayewa. Jami'in ya musa, ya kawo hujja daga tsoffin littattafai. Ba su yarda ba.

Bayan shekara biyu, a 1834, Lord Napier ya iso a matsayin mai kula da cinikin Birtaniya. Ya shiga Kanton ba tare da jiran izini ba, ya aika wa babban gwamna Lu Kun wasiƙa kai tsaye. A ƙa'idar wurin, baƙo takardar koke yake rubutawa, ta bi ta hannun attajirai. Aka ƙi ko taɓa wasiƙar. A idon Lu Kun, abin da Napier ya yi shi ne ainihin *tangtu*: afkowa gida ba sallama. A idon Napier kuwa, mayar wa wakilin sarki da wasiƙa a bakin ƙofa wulaƙanci ne tsagwaronsa. Sai kuma aka fassara masa laƙabin da takardun hukuma suka ba shi, *yimu*, wanda ke nufin shugaban baƙi, da cewa Idon 'Yan Daji ne. Gwamna ya dakatar da ciniki, Napier ya kira jiragen yaƙi biyu suka yi musayar wuta da sansanonin bakin kogi. Zazzaɓi ya kama shi, ya janye zuwa Makau, ya mutu a ranar 11 ga Oktoba.

Ba ladabi ne ya haddasa yaƙin da ya biyo baya ba. Ofiyom ne, ƙwayar mayen da 'yan kasuwar Birtaniya ke shigowa da ita daga Indiya, wadda Lin Zexu ya ƙwace akwati sama da 20,000 ya lalata a 1839. Amma labarin cin mutunci ya yi wa masu son yaƙi a Landan rana, domin ya fi daɗin faɗa a majalisa fiye da kare fataucin ƙwaya. Da Sin ta sha kashi, yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta tanadi cewa manyan jami'an ɓangarorin biyu za su riƙa rubuta wa juna a matsayin tsara. A 1858, a yarjejeniyar Tianjin, aka kai maƙura. Sashe na 51 ya haramta amfani da harafin *yi* ga gwamnatin Birtaniya ko talakawanta a kowace takardar hukuma. Sashe na 50 kuma ya ce idan aka sami saɓani tsakanin rubutun Turanci da na Sinanci, na Turanci ne daidai. Lydia Liu ta yi dogon nazari a kan wannan a littafinta na 2004. Masana har gobe suna gardama a kan yawan rainin da ke cikin *yi*, amma babu gardama a kan wanda ya raba gardamar a lokacin: mai igwa ne ya faɗi abin da kalmar ke nufi, aka sa hannu.

Yaran da suka manta durƙuso

Sashe na 50 ya nuna wa fadar Beijing cewa rashin Turanci hatsari ne. A 1862 aka buɗe makarantar tafintoci ta Tongwen Guan da ɗalibai goma. Manyan malaman gargajiya irin su Woren sun yi adawa da faɗaɗa ta, suna ganin abin kunya ne ɗan boko na Confucius ya zauna gaban baƙo yana ɗaukar darasi. A shekarar 1862 ɗin dai Tang Tingshu, wanda ya yi karatu a makarantar mishan, ya fitar da littafin koyon Turanci mai mujalladi shida a Kanton. A 1868 Kwong Ki Chiu ya buga nasa ƙamus ɗin Turanci da Sinanci. Sinawa sun fara rubuta wa kansu abin da kalmomin Bature ke nufi.

Yung Wing, Basine na farko da ya kammala jami'ar Yale a 1854, ya ce ƙamus kaɗai ba zai isa ba. Ya shawo kan gwamnati ta tura yara Amurka. Daga 1872 zuwa 1875 aka aika yara 120, talatin-talatin kowace shekara, yawancinsu ba su wuce shekara goma sha biyar ba, da niyyar su yi shekara goma sha biyar a can. Hedikwatar shirin tana Hartford, aka rarraba su gidajen iyalai a garuruwan yankin. Kwong Ki Chiu yana cikin jami'an da suka yi aiki da su, kuma a can ya haɗa wani ƙamus na karin magana da salon zancen Turawa, wanda aka buga a 1881. Ya riga ya gano cewa sanin kalma ɗaya-ɗaya bai kai mutum ko'ina.

Yaran sun iya Turanci fiye da yadda aka zata. Sun iya wasan besbol, sun iya muhawara, sun koyi kallon malami ido cikin ido su ce ba su yarda ba. Wasu sun shiga coci, wasu sun yanke doguwar jelar gashin da ke nuna biyayya ga sarautar Qing. Da aka turo sabon mai kula da su, Wu Zideng, ya tara su, sai ya ga ba su durƙusa masa yadda aka saba ba. Ya yi ta aika rahoto gida cewa yaran sun lalace. A daidai lokacin Amurka ta ƙi karɓarsu a makarantunta na soja, ƙyamar Sinawa kuma tana ta hauhawa, wadda ta kai ga dokar hana su shiga ƙasar a 1882. A 1881 aka kira su gida gaba ɗaya, mafi yawansu ba su gama karatu ba.

Wannan shi ne ɗaya gefen tsabar. Wanda bai iya ladabin Bature ba, Bature ya kira shi mai kaushi. Wanda ya iya shi sosai, mutanensa suka kira shi marar *li*. Duk da haka, daga cikin yaran nan aka sami Zhan Tianyou, injiniyan da ya gina layin dogo daga Beijing zuwa Zhangjiakou aka gama a 1909, da Tang Shaoyi, firaministan farko na Jamhuriyar Sin a 1912.

Zargi ya juya

Akwai wani abin dariya a cikin tarihin nan. A ƙarshen ƙarni na 19, kukan Turawa a kan Sinawa shi ne ladabinsu ya yi yawa. Arthur Smith, ɗan mishan daga Amurka, ya rubuta wani littafi a kan halayen Sinawa wanda bugunsa na 1894 ya yaɗu ƙwarai. A ciki akwai babi a kan fuska, wato mutunci, da babi a kan ladabi, da wani a kan gwanintarsu ta kewaye-kewaye a zance. A wajensa Basine mutum ne da ba zai taɓa ce maka a'a a fili ba. A wannan zamanin ne ma Ingilishi ya ari salon maganar nan ta zubewar fuska daga Sinanci. Bayan shekara ɗari, jikokin mutanen da aka zarga da yawan zagaye su ne ake zargi da datse magana a ofisoshin Turai da Amurka. Halinsu bai sauya ba. Smith da Sinanci ya saurare su, shi kuwa abokin aikin yau da Turanci yake jin su.

Hanyar da Turancin ya bi ya iso gare su ma ta taimaka. Kamfanin ɗab'i na Commercial Press, da aka kafa a Shanghai a 1897, ya cika makarantu da littattafan koyo, a 1908 kuma ya fitar da babban ƙamus ƙarƙashin jagorancin Yan Huiqing. Bayan 1949 Rashanci ya ture Turanci a makarantu. Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976 ya mayar da sanin harshen waje abin tuhuma. Da aka dawo da jarrabawar shiga jami'a a 1977, aka buɗe ƙofa ga duniya, sai ƙishirwar ta fashe. Daga 1982 gidan talabijin na ƙasa ya riƙa nuna shirin koyar da Turanci na BBC mai suna *Follow Me*, miliyoyi suna bi. A 1987 aka fara jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a. Lu Gusun ya fitar da katafaren ƙamus ɗinsa a mujalladi biyu, 1989 da 1991. A 1993 Yu Minhong ya kafa makarantar New Oriental a Beijing, littafinsa na kalmomin jarrabawar GRE kuma ya yi suna har ɗalibai suka sa masa laƙabin jan littafi mai daraja. Daga 2001 aka fara shigar da Turanci firamare tun daga aji uku.

Duk wannan gini a kan jarrabawa aka yi shi, jarrabawa kuwa tana tambayar ma'anar *brusque*, ba ta tambayar yadda za ka kauce wa zama haka. Ga inda gizo ke saƙa. Basine idan zai roƙi abu yana da 'yan ƙananan kayan laushi: ya sa *qing* a gaba, ya ƙara *yixia*, wato ɗan kaɗan, ya maimaita aikatau sau biyu don ya rage masa nauyi, ya rufe da *ba*, wadda ke mayar da umarni shawara. Babu ɗayansu da ke tsallakawa zuwa Turanci sai *qing*, wadda ƙamus ya ce ita ce *please*. Sai ɗalibin ya rubuta *please* ya biyo da umarni tsirara, yana ganin ya cika ladabi. Shi kuwa Baturen Ingila a cikin nahawu ya ɓoye nasa ladabin: yana mayar da buƙata tambaya, ya jefa ta cikin shuɗaɗɗen lokaci, ya nuna kamar bai tabbata ba ko kana da sarari. A kunnensa, *please* da umarni a bayanta muryar shugaba ce ga yaronsa.

Haka abin yake idan an juya. Tsakanin 'yan'uwa da aminai a Sin, yawan godiya alama ce ta nesanta kai, har akwai kalmar *jianwai*, ɗaukar na gida kamar bare. Wanda aka ba kyauta ana sa ran ya ɗan ƙi sau ɗaya ko biyu kafin ya karɓa, abin da suke kira *keqi*, wanda ya yi kusa da karar da muka sani. Baturen da ya karɓe kyauta a miƙo na farko, ya yage takardar a gaban mai bayarwa, ko ya kira dattijo da sunansa na yanka, shi ne mai kaushi a wannan ɗakin. A 1990 masanin harshe Gu Yueguo ya wallafa wata maƙala da ta yi tasiri, yana nuna cewa ra'in ladabi na Brown da Levinson, wanda ya ba da ƙarfi ga kare 'yancin mutum kada a takura masa, bai kama *limao* na Sinawa ba, inda ƙasƙantar da kai da ɗaukaka abokin magana suke kan gaba. Wato har a jami'a, sai da wani ya tashi ya ce ma'aunin nan da ake auna kowa da shi na wani gida ne.

Komawa bakin kogi

Ɗalibinmu na farko ba shi da zaɓi sai ya koyi zagayen Bature, domin aikinsa da ƙarin girmansa sun rataya a kai. Babu laifi a cikin haka. Wanda ya je gari ya ga kowa da wutsiya, sai ya nemi tasa ya liƙa. Abin da ya kamata ya sani, shi da wanda ya kai ƙararsa, shi ne kalmar da aka jefe shi da ita tana auna tazarar da ke tsakanin abin da ya faɗa da abin da mai sauraro ya saba ji. Ba ta leƙa zuciyarsa ba. Lu Kun da Napier duk sun auna wannan tazara, kowanne ya ɗora laifinta a kan ɗayan.

A yau Guangzhou ta sake zama matattarar baƙi. A unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, 'yan kasuwar Afirka, har da namu masu saro atamfa da takalma da kayan waya, suna ciniki da Sinawa cikin wani Turanci da ba na kowa ba ne a cikinsu, rabinsa ma a kan na'urar lissafi ake yin sa. Bakano da ya saba tambayar gida da iyali da gajiya kafin ya taɓa kaya, zai shiga shago mai shagon ya tare shi da tambayar guda nawa yake so. Zai fito yana cewa mutanen nan ba su iya gaisuwa ba. Idan hulɗa ta yi nisa, wata rana mai shagon zai ja shi gidan abinci, ya yi ta ɗora masa nama a kwano, ya yi kokawa da shi a kan wanda zai biya kuɗi. Gaisuwar ke nan, ta zo a makare ne kawai, ta kuma zo da harshen da aka haife ta a ciki.